Tambayoyin Baba Mai Koma

Raket ɗina ba saya na yi ba. Wata 'yar bautar ƙasa ce ta bar mini shi, lokacin ina aji huɗu a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya. Ita ta koya mana wasan badmintan a bayan ajujuwa, da igiyar shanya a madadin raga. Ranar da za ta tafi ta ɗora shi a kan yatsana ɗaya, ta nuna mini daidai inda yake tsayawa bai karkata ba, ta ce haka ake gane na kirki. Na kasuwa, waɗanda ake sayarwa biyu cikin jaka ɗaya, ƙarfe ne, ga nauyi, kuma a wuya suke karyewa, wurin da aka haɗa kai da sanda. Nawa a haɗe aka ƙera shi, ba shi da gaɓa. Inna ba ta taɓa kiransa da sunansa ba, matankaɗi take ce masa. Maƙwabta kuma suka ɗauka abin kashe sauro ne, har aro aka taɓa aikowa.

Yana kan cinyata ranar da aka tare motarmu tsakanin Maradun da Mafara. Da rana tsaka ne. Ba zan iya rubuta duk abin da ya faru ba. Abu ɗaya kawai zan faɗa. Da 'yan bindigar suka leƙo cikin motar, ɗayansu cewa ya yi, "Ina mai jar hular da yas sai da bijimai?" Mutumin yana zaune kusa da ni. Tun a tasha ya cire hular ya cusa a aljihu saboda zafi. Ke nan wanda ya ba su labarinsa ya gan shi kafin ya cire ta. Yana cikin tashar, wataƙila ma mun gaisa da shi. Suka kwantar da mu a bakin hanya, wani ya taka raket ɗin, na ji zaren yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya a kusa da kunnena. Suka tafi da mutumin da wasu mutum biyu.

Bayan nan muka bar Kaya gaba ɗaya, muka dawo Talata Mafara, gidan da kawuna ya ba mu. Na yi watanni ban taka ƙofar gida ba. Abin da ya same ni shi ne, na daina jin tambaya a matsayin tambaya. In mai tallan manja ta ce, "Ina maigidan ya tahi?" sai in shige ɗaki. In aka ce, "Yaushe kunka dawo?" sai in fara lissafin wa za a kai wa amsar.

Akwai wata malama a layinmu, tana koyar da motsa jiki a wata makarantar 'yan mata. Ta shigo gaida Inna ta ga raket ɗin rataye, zare duk ya zazzago kamar gashin masara. Ta ce tana tara 'yan mata suna wasa a cikin makaranta, akwai katanga, ba mai ganinsu, har ma an gayyace su wasan zumunci a Bakura. Na ce ba ni zuwa. Inna ta ce, "Za ki. Na gaji da ganinki awa kazar da ag ga ƙwai. Ɗauki matankaɗinki a gyara."

A Mafara babu injin ɗaura zare. Sai an aika Gusau ko Sakkwato, kuma wa zai hau hanya saboda raket? Malama ta ce akwai wani tsoho a bakin kasuwa, yana gyara wa masuntan dam koma da taru, shi yake ɗaura musu da zaren fatsa. Wai ya koya tun yana saurayi, a wurin Turawan da suka yi aikin dam ɗin, lokacin suna buga tanis a gidajensu. Kowa Baba mai koma yake ce masa.

Na same shi a gindin darbejiya, ya ɗaura bakin koma a babban yatsan ƙafarsa yana saƙa. Na durƙusa.

"Baba, ina wuni?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ina mutanen gida? Ina tsohuwa? Ƙaƙa zahi? Ƙaƙa haƙuri da zamani?"

Na amsa duka, idona a ƙasa. Ya karɓi raket ɗin ya juya shi, ya hango shi ta gefe da ido ɗaya, ya ƙwanƙwasa shi a gwiwarsa.

"Wanga ba na kasuwarmu ba ne. Wa yat taka shi? Jaki?"

Na kau da kai.

"To, ko wa ne, Allah ya taimake ki bai tanƙware ba. Da wane hannu kike bugu?"

"Hagu."

"Bahaguwa! Shi ya sa. Ku ba ku yin komi daidai da mutane." Ya yi dariya shi kaɗai. Ya ɗauko wuƙa ya fara yanke tsohon zaren, daga tsakiya yana yo waje. Bai ɗago kai ba ya ci gaba. "Da sahe kuke wasa ko da marece?"

"Da marece."

"Cikin ɗaki ko hili?"

"Fili."

"Ku nawa ke bugu da shi?"

Na ce mu kamar takwas ne, amma raket ɗin nawa ne.

"An ce za ku Bakura. Wace rana?"

Wa ya gaya masa? Na tuna Malama tana kawo masa aiki, amma tunawar ba ta kwantar mini da komai ba. Bakina ya riga ni, na faɗi ranar.

"Mota ko babur?"

"Mota."

"Direban naku ɗan ina ne? Kin san shi?"

Na miƙe tsaye. Na ce Inna tana jirana. Ya ce in dawo jibi, yana magana ina tafiya. Ban waiwaya ba. Duk wanda na wuce a hanya sai in ga kamar ya san ranar, ya san mu takwas ne, ya san da mota za mu. Har mai shayin da ke kusa da darbejiyar na ga ya ɗauko waya, na ce shi ke nan, an fara kira.

Ina shiga gida na zube a gaban Inna, tana tsince shinkafa. Na jera mata tambayoyin kamar yadda ya yi su. Ta ajiye faifan.

"Ke, tsohon nan da bai ko gani sosai?"

"Inna, mi ya haɗa ɗaurin zare da direba?"

Ta jawo faifan ta ci gaba da tsinta. Ban kuma lura Yaya yana bakin rijiya yana alwala ba. Yayana yana cikin samarin da ke sintirin unguwa. Shi ne ya zo ya ɗauke ni a bakin hanya ranar da aka tare mu, ya same ni ba takalmi, ban ma gane shi ba. Ya ƙaraso da ruwa yana ɗiga a gemunsa.

"Sake hwaɗi. Mi yat tambaye ki?"

Na sake faɗa. Da nake maimaitawa a gabansa sai tambayoyin suka ƙara muni, ni da kaina na ji. Na manta ban faɗi ta hannun hagu ba, ban faɗi dariyar ba. Rana, lokaci, yawanmu, mota, direba. Inna ta ce, "Kai, ka tsaya a bincika." Ya ce, "Binciken za a yi," ya sa takalmi ya fita.

Duk wanda ke zaune a ƙasarmu ya san abin da kalmar infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga labari, take jawowa. Ba kullum ake kai mutum gaban hukuma ba. Wani lokaci fita da shi ake yi bayan gari, a dawo ba shi, kuma ba mai tambaya. Na san haka sarai lokacin da nake ba Yaya labari. Ina so in rubuta cewa ban sani ba, amma na sani.

Washegari da hantsi samarin sintiri suka ɗauke Baba daga gindin darbejiya. Allah ya sa mai unguwa ya ji da wuri, ya aika aka ce a kawo shi zaurensa, kada wanda ya taɓa shi. Bayan la'asar aka aiko in zo.

Ni da Inna da Malama muka zauna ta ƙofar cikin gida. Zauren cike da maza, wasu a waje suna leƙe ta taga. Baba yana tsakiya a kan tabarma, ba hula, an ajiye buhun kayan aikinsa a gabansa, raket ɗina a kai. An riga an ɗaura masa zaren tsaye, saura na kwance, ga wasu tsinkaye biyu a soke a cikin hudojin gefe. An duba wayarsa, ƙarama ce mai tocila, ba a sami komai ba sai lambobin masunta. Wani ya ce ai masunta su ne ke shiga ko'ina.

Mai unguwa ya ce in faɗi abin da aka tambaye ni. Na faɗa. Wannan karon na sa har da hannun hagu.

"To, Malam, ka ji. Mi ya kai ka?"

"Ranka shi daɗe, aikin ne ke tambaya, ba ni ba."

Samarin suka yi guna-guni. Wani ya ce, "Aikin wa? Na daji?"

Baba ya ce a miƙo masa raket ɗin. Ya riƙe shi a tsakanin gwiwoyinsa. Ya nuna wa mai unguwa ƙulli biyu na zaren fatsa, siriri da mai kauri. Ya ce in hannu ɗaya ke bugu, siriri ake sa wa, ya fi tashin ƙwallo. In kuwa yara takwas za su riƙa karɓa-karɓa, sai mai kauri, irin na giwan ruwa, in ba haka ba sati ba ya yi. Ya ce zaren fatsa ba ya son zafi. Mai wasa da marece a fili, bayan rana ta gasa ƙasa, sai an ƙara masa ja, don zaren zai saki. Ya zura zaren a huda, ya saƙa shi sama da ƙasa, ya naɗe bakin a wani guntun icce ya ja da ƙarfi, ya soke tsinke a hudar don kada ya koma. Ya kaɗa zaren da farce ya kai kunne.

"Rana kuwa, ranka shi daɗe, wanga zare kwana ukku yake yi shina miƙewa kahin shi zauna. In na ɗaure yau na ƙulle, ran wasa ta iske shi awa ragar kaji. Sai in bar tsinke ciki, in sake ja ana jibi wasa, sannan in ƙulle. Ƙaƙa zan yi in ban san rana ba?"

Mota kuma, ya ce, don ya gargaɗe ni ne kada in bari a jefa shi a but, wurin kaya na bayan mota, zafin but yana tanƙware kan raket. Ni ce na tashi ban tsaya ji ba. Hannun hagu, don robar da zai naɗe mariƙin, ta bahago juyinta daban.

Malama ta ɗaga murya daga inda muke. "Ranka shi daɗe, ni ma haka yake tambayata. Shekara nawa ina kawo mishi."

Yaya ya ce, "Ashe ya daɗe shina yi."

Wasu suka yi dariya, wasu suka gyaɗa kai. A nan na gane duk abin da aka faɗa don a wanke shi, ana iya juya shi ya zama shaida a kansa. Na gane ne don haka kaina yake yi tun ranar da aka tare mu.

Mai unguwa ya ɗaga hannu. "Saura direba. Shi kuma wane zare ne?"

Baba ya yi shiru. Shirun bai yi tsawo ba, amma na ƙirga shi.

"Wannan ba ta aiki ba ce. Ɗiyata na aure Birnin Tudu, wajen Bakura, ta haihu, ban samu zuwa ba. Na aje mata busasshen kihi. Na ce ko direban ɗan can ne, shi kai mata."

Aka aika gidansa, aka zo da kifin a ƙunshe cikin takardar siminti. Wani ya ce kifi a gidan mai gyaran koma ai ba shaida ba ne. Gaskiya ya faɗa. Wani dattijo ya ce ya san 'yar, ya san mijinta. Wani ya ce infoma ma suna da 'ya'ya. Shi ma gaskiya ya faɗa.

Sai mai unguwa ya juyo wajena.

"Ɗiyata, ke anka tambaya, ke kinka ga idonshi. Kina zarginshi?"

Inna ta matse mini hannu. Na san in na ce e, mai unguwa ba zai iya riƙe samarin nan ba. Na dubi Baba. Bai dube ni ba, yana ta saƙa zaren kwance, layi bayan layi, kamar in ya tsaya wani abu zai faɗo masa. Na nemi tabbaci a cikina, ko na e ko na a'a, ban samu ba.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ni kowa zargi nike. Mai manja ma zarginta nike. Ran nan Yaya yat tambaye ni ƙarhe nawa za ni gidan kawu, sai da na kasa cin abinci. Ba ni da lahiya tun da anka tare mu. Kada a taɓa bawan Allah da maganata."

Yaya ya kira sunana da ƙarfi, na ƙi dubansa. Kuka ya ƙwace mini, Inna ta ja ni cikin gida. Daga can na ji mai unguwa yana cewa ba a kama mutum da tambaya, kowa ya watse, wanda ya taɓa tsohon nan shi da hukuma.

An sake shi kafin magariba. Da zai fita ya ba Malama raket ɗin, ya ce ta cire tsinkayen da kanta ta ƙulle, ba zai samu sake ja ba.

Ba mu je Bakura ba. Malama ta soke tafiyar, kuma ban ga laifinta ba. A zauren nan, a gaban mutum fiye da yadda zan iya ƙirgawa, ni da bakina na faɗi rana, na faɗi mu takwas ne, na faɗi da mota za mu. Wa zai ɗebi 'ya'yan mutane ya hau hanya bayan haka? Da mun je mun dawo lafiya, da wataƙila an ce ashe tsohon ba ruwansa. Da an tare mu, da an ce ga shi nan. Ba mu je ba, don haka ba abin da ya tabbata, maganar ta tsaya a inda take.

Masunta suka rage kawo masa koma. Ba don sun yarda ba, in ji su, sai don kada a gan su zaune da shi. Mai shayi ya matsar da teburinsa gaba. Sau biyu ina shiryawa in je in gaishe shi, in kai bakin layi in juyo. Me zan ce? In na ba shi haƙuri, ke nan na tabbata. In ban tabbata ba, me ya kai ni? Kafin in yanke shawara, aka ce ya kwashe kayansa ya koma wurin 'yarsa a Birnin Tudu. Yaya ya ce, "Kin gani? Mai gaskiya gudu yakai?" Inna ta ce, "Kai ma in anka daina gaishe ka, tashi za ka yi." Har yau ba su daidaita a kan maganar ba, ni kuma ba su tambayata.

Watan da ya wuce muka je suna a bayan kasuwa. Ina zaune a gefe da kwanon tuwo, wata mata da ban sani ba ta dafa ni.

"Ke ce ɗiyar da tak kama infoma? Allah shi yi miki albarka. Da yanzu an kwashe 'yan matan nan."

Na ce, "Ba infoma ba ne, Gwaggo. An bincika, an sake shi. Aikinshi ne ke sa shi tambaya."

"Ayya. To, kin tabbata?"

Matan da ke kusa suka juyo suna jiran amsata. Kalma ɗaya ce, kuma na san ita ce hakkinsa a kaina. Na buɗe baki, sai shirun nan da ya yi kafin ya ambaci 'yarsa ya dawo mini. Na ce, "Allah ne masani."

Matar ta gyaɗa kai, ta juya ga ta kusa da ita ta ce, "Kin ji ko? Ita ma ta sani, tsoro takai."